Babi na Biyar: Ina Sauran Ya Tafi?

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka ci karo da ciwon da bai yi kama da sanƙarau ba. A wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara ƙanana suna amai, suna jijjiga, suna suma, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro amma shiru. Da aka auna jininsu, sai aka tarar dalma ce ta cika shi. Binciken da aka bi gida-gida aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Kafin ƙura ta lafa, yaran da suka rasu a Dareta da Yargalma da Abare da Sunke da Bagega da sauran ƙauyukan yankin sun haura 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

Hanyar da dalmar ta bi ta shiga jikin yaran ba ɓoyayya ba ce. Farashin zinariya ya yi ta hauhawa a kasuwar duniya a shekarun nan, manoma suka koma haƙa. Ana ciko buhuna da duwatsu daga rami a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi ko a daka a turmi a tsakar gida, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi. Jijiyar dutsen da suka faɗa wa tana ɗauke da ma'adinin dalma mai yawa, irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Zinariyar da ta fito, ana ɗora ta a ƙaramin sikeli a auna ta har ɓarin giram. Sauran buhun kuwa, wanda shi ne kusan duka nauyin abin da aka ɗauko, babu wanda ya auna shi. Ya zama ƙura a kan tabarma, a bakin rijiya, a kan hatsin da aka shanya, a hannun yaron da ke rarrafe. A wasu wuraren niƙa an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasar wurin, wato kowane tan guda na ƙasa yana ɗauke da dalma sama da kilo 100. Iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kashi 400 cikin miliyan.

Ba na ɗora wa mahaƙan nan laifin wauta. Abin da suka yi shi ne abin da kusan kowa yake yi, daga mai injin casar shinkafa har ma'aikatar gwamnati: a lissafa abin da za a sayar, a kau da kai daga abin da ya rage. Akwai wani fanni na ilimi da aka gina shi kacokan a kan ƙin yarda da wannan kau da kai. Ana koyar da shi a jami'o'i ga masu nazarin muhalli da injiniyoyi da masu tsara birane, kuma a wannan littafi zan kira shi bin sawun kaya. Ɗalibin fannin yana ɗaukar abu guda, dalma ko ruwa ko leda ko sinadarin taki, ya bi shi tun daga inda ya shigo wani yanki har inda ya fita ko ya kwanta, yana aunawa a kowane zango, kuma ba ya rufe littafinsa sai lissafin ya daidaita.

Ginshiƙin fannin tsohuwar ƙa'ida ce ta kimiyya wadda Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya bayyana a littafinsa na 1789: abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Tun kafin shi ma, wani likita a birnin Padua na Italiya mai suna Santorio ya shafe kusan shekara talatin yana auna nauyin jikinsa da na abin da ya ci da na abin da ya fitar. Kullum abin da ya fita bai kai abin da ya shiga ba, kuma jikinsa bai ƙara nauyin da zai cike giɓin ba. Daga wannan giɓi ya gane cewa jiki yana zubar da wani kaso mai yawa ta fata da numfashi ba tare da ido ya gani ba. A 1965 wani injiniyan ruwa a Amurka, Abel Wolman, ya yi wa birni irin wannan awo: ya ƙaddara birni mai mutum miliyan ɗaya, ya lissafa ruwa da abinci da makamashin da zai ci a rana, da ƙazamin ruwa da shara da hayaƙin da zai fitar. A 1969 Robert Ayres da Allen Kneese suka tunatar da masana tattalin arziki cewa duk abin da masana'anta ta haɗiye zai dawo a matsayin shara, ko ba daɗe ko ba jima. Daga baya Peter Baccini da Paul Brunner, sannan Brunner da Helmut Rechberger na jami'ar fasaha ta Biyana a Ostiriya, suka tsara hanyar daki-daki, kuma littafin jagora da biyun ƙarshe suka fitar a 2004 yana cikin waɗanda aka fi koyarwa da su har yau.

Duk da waɗannan manyan sunaye, jimlar da ɗalibi zai riƙe guda ɗaya ce: abin da ya shiga daidai yake da abin da ya fita, haɗe da abin da ya taru a ciki. Wahalar tana wajen aiwatarwa.

Da ni ne malamin aji na farko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ba zan fara da kwamfuta ba. Zan tura ɗalibai gidan mai yin ƙuli-ƙuli da sikeli da littafin rubutu. Su auna gyaɗa kafin a soya, su sake aunawa bayan an soya, bayan an murje an fece ɓawo, bayan an niƙa, su auna ruwan zafin da aka zuba wajen matsa, su auna man da ya fito da tunkuzar da ta rage, su auna ƙuli-ƙulin bayan ya fito daga kasko. Idan suka tara, lissafin ba zai daidaita ba. A nan karatun ya fara. Wani kaso ya tashi a tururi lokacin suya, wani ya bi iska da ɓawo, wani ya maƙale a injin niƙa, wani man kuma ƙuli-ƙulin ya sake shanye shi a kasko. Ɗalibin da ya zauna ya gano inda kowane ɓari ya shiga ya riga ya koyi kalmomi huɗu da fannin ke tafiya a kansu, ko da ba a faɗa masa sunayensu ba. Kowane aiki, suya ko niƙa ko matsa, zango ne, kuma ana zana shi a matsayin akwati. Abin da ke tafiya daga zango zuwa zango kwarara ce, ana zana ta da kibiya a rubuta nauyinta a kai. Abin da ya zauna a zango bai fita ba ajiya ce. Layin da aka ja aka kewaye duka aikin kuwa, shi ne iyaka.

Iyakar nan ita ce wurin da gaskiyar mai bincike take bayyana, shi ya sa nake son in daɗe a kanta. Wanda ya ja iyakarsa a bakin rami ya tsaya a sikelin mai sayen zinariya zai rubuta rahoto mai kyau a kan sana'ar da ke kawo kuɗi ƙauye, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya faɗaɗa ta ta haɗa da tsakar gida da rijiya da rumbu zai rubuta wani rahoton dabam a kan sana'a guda. Haka lokaci ma iyaka ne. Lissafin gona na wata uku na damina ba zai ga dabbobin da ke shiga cin kara da rani suna barin kashi ba, ba zai ga ƙurar hunturu da ke sauka a kan ƙasa ba. Saboda haka mafi yawan masu wannan aiki suke ɗaukar shekara cikakkiya. Malamin kirki zai tsare ɗalibinsa da tambaya: me ya sa ka tsaya a nan, wa ka bari a waje, kuma wa zai ji daɗi da ka bar shi a waje?

Darasi na biyu shi ne bambanci tsakanin kaya da sinadarin da ke cikin kaya. Buhun dutse kaya ne, dalmar da ke ciki sinadari ce. Buhun masara kaya ne, naitirojin ɗin da ke ciki sinadari ne. Kaya ana iya ɗora su a sikeli. Sinadari kuwa sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji an san kashi nawa ne cikin ɗari, sannan a ninka da nauyin kayan. Wannan ninkawa mai sauƙi ita ce ke fito da abubuwan da ido ba ya gani, kuma babu inda ta fi amfani a ƙasarmu kamar a gona.

Mu ɗauki hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta shiga Gusau ta wuce Bungudu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, wannan yanki yake fitar da amfanin gona, da gyaɗa da auduga, yau kuma masara da dawa da wake da waken suya. Kowane buhun masara mai kilo 100 yana tafiya da naitirojin kimanin kilo ɗaya da rabi. Manomin da ya sayar da buhu ashirin ya fitar da kusan kilo 30 daga gonarsa, ban da abin da ke cikin kara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal, kuma ba duk abin da aka zuba shuka ke ci ba: wani ya tashi sama, wani ruwan sama ya wanke shi ya gangara gulbi. Karan ma ba a barinsa a gona. Ana yin danga da shi, ana ba dabbobi, ana hura wuta, kuma idan aka ƙona shi toka tana riƙe fotashiyam da fosfaras, naitirojin kuwa ya bi hayaƙi. Auduga tana da nata sirrin: zaren kansa bai ɗauki wani abin kirki daga ƙasa ba, abincin ƙasar yana cikin gurya, don haka tambayar ita ce inda guryar ta tafi bayan an gurje. A 1990 masana biyu daga Holan, Stoorvogel da Smaling, suka yi irin wannan lissafi ga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka ƙiyasta cewa kowace hekta ta noma tana asarar naitirojin kusan kilo 22 a shekara. Manomin Tsafe da ke cewa gonarsa ta gaji yana faɗin abu guda da harshensa.

Amma lissafin ba kullum yake ƙarewa da asara ba, kuma hujjar tana Kano. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itace birni su koma da taki daga bola zuwa gonaki. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna da manoman ƙauyen Tumbau ta auna abin da ke shiga gonakinsu da abin da ke fita. Ta ga yadda ake tara harawar wake da ta gyaɗa a ciyar da tumaki da awaki a gida, a kwashe takinsu a mayar gona, ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata, har ƙasar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu ta ci gaba da bayarwa. Waɗannan manoma sun rufe da'irar tun kafin a sa mata suna a jami'a. Tambayar da ke jiran ɗalibin Gusau ita ce: abincin da ke shigowa kasuwar Tudun Wada da babbar kasuwa daga Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, nawa ne daga sinadarinsa yake komawa gona, nawa yake ƙarewa a kwata da bola, nawa kuma yake bin Gulbin Sakkwato ya wuce Bungudu ya nufi madatsar Bakolori? Amsar za ta gaya wa hukuma ko shara ce take biya a kwashe ko taki ne take zubarwa, a jihar da takenta ke alfahari da noma.

A Turai mai wannan bincike yana buɗe kundin ƙididdiga na gwamnati ya kwafi adadi. Hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai ta fitar da jagorar yin lissafin ƙasa baki ɗaya tun 2001. A nan ɗalibi shi zai samar da adadinsa da ƙafarsa. Zai gano cewa tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba, cewa buhun da ake kira na kilo ɗari yakan wuce ko ya gaza, cewa masarar kaka ta fi ta bazara nauyi don ruwan da ke jikinta. Zai koyi gaida sarkin kasuwa da shugaban 'yan dako kafin ya fito da littafi, ya kuma bayyana cewa shi ba ɗan haraji ba ne. Saboda wannan ne fannin ya wajabta a rubuta kowane adadi tare da gwargwadon shakkar da ke kansa: kaza, ƙari ko ragi kaza. Akwai manhaja ta kyauta mai suna STAN, wadda jami'ar fasaha ta Biyana ta samar, da ke karɓar akwatuna da kibiyoyi da waɗannan shakku ta daidaita su, ta kuma lissafo kwararar da ba a iya aunawa ba daga waɗanda aka auna. Sakamakon ana zana shi da kibiyoyi masu kauri daidai da nauyin da suke ɗauke da shi, salon da ya samo suna daga injiniya Sankey wanda ya zana ƙarfin injin tururi da shi a 1898. Amfanin zanen shi ne mai unguwar da bai shiga aji ba zai dube shi ya nuna kibiya mafi kauri da yatsa. Sai dai ina gargaɗin ɗalibi da babbar murya: manhaja tana iya daidaita lissafin ƙarya kamar yadda take daidaita na gaskiya. Giɓin da aka tilasta wa rufewa a kwamfuta, wataƙila shi ne ainihin abin da aka je nema.

Akwai kuma ƙofar da namiji ba ya shiga. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wani ɓangare na daka da wanke dutse a cikin gida aka yi shi, inda mata da yara suke wuni. Haka yin man gyaɗa, da turara shinkafa, da dafuwa da itace ko gawayi. Lissafin da ba a auna cikin gida ba ya rasa rabin zangunansa. Gusau tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha wadda ta mata ce, Tsafe tana da kwalejin kimiyyar lafiya, kuma ɗalibai mata na waɗannan makarantu da na jami'a su ne kaɗai za su iya yin wannan awo cikin mutunci. Matsalar tsaro ta hana zuwa daji da yawan ƙauyuka, kuma babu kundin digirin da ya kai ran ɗalibi. Amma kasuwa da tasha da bola da gidan niƙa duk suna cikin gari.

Kalmar da ta fi wuyar shiga kan sabon ɗalibi ita ce ajiya, domin ido yana bin abin da ke motsi ne. Dalma ba ta ruɓewa. Ko an daina kawo dutse gari, wadda ta riga ta kwanta a tsakar gida tana nan, tana ci gaba da shiga bakin yara. Likitocin MSF sun gane haka, shi ya sa suka nace cewa sai an tsabtace gari kafin a fara ba yaransa maganin da ke janye dalma daga jini, domin yaron da aka yi wa magani aka mayar da shi kan ƙasar da ta ba shi ciwon zai sake cika. Aikin tsabtacewar, wanda kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, kankare saman ƙasa ne gida-gida, a kai ta ramin da aka tanada a binne, a shimfiɗa sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin Gwamnatin Tarayya su fito, bayan matasa sun yi ta kiraye-kiraye, kuma duk tsawon jiran yaranta suna kan wannan ƙasa. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta hanya iri guda.

Ba na cewa zanen akwati da kibiya zai hana mutum haƙar zinariya alhali gero bai ciyar da gidansa. Bin sawun kaya yana faɗin nawa ne da kuma ina, ba ya faɗin wa zai biya ko wa zai bari. Abin da yake yi shi ne nuna wurin da ƙaramin gyara zai yanke babbar kibiya: a fitar da injin niƙa daga cikin gari, a jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a Disamba na 2024, don haka buhunan dutse za su ci gaba da motsi. Ga kuma wata hanyar dalma da ke buɗewa a cikin birane: batiran mota da na sola, waɗanda fiye da rabin nauyinsu dalma ce, suna ƙaruwa a gidaje da shaguna, kuma idan suka mutu hannun 'yan gwangwan suke faɗawa, wasu a fasa su a zubar da ruwan batirin a ƙasa.

Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai a Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara suna neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa kuma suna ƙarewa da raba takardun tambayoyi a kan ra'ayin jama'a. Ina roƙon malaman sassan kimiyyar sinadarai da labarin ƙasa da noma da lafiyar al'umma su raba musu kaya maimakon haka: wannan ya ɗauki matattun batira na unguwa guda, wancan ledar ruwa ta tasha guda, waccan takin dabbobi na mayanka, wani gawayin da ke shigowa ta hanyar Tsafe. A ba kowa sikeli da shekara guda, a adana sakamakon a ɗakin karatu inda na baya zai ɗora a kai, a kuma kai kwafin zanen ga hukumar muhalli ta jiha da masu unguwannin da aka yi awon a cikinsu.